Katin Bakin Fili da Abin da Ya Rage Masa

A filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, wanda aka buɗe a 2013 da sunan Karkanda kuma yake ɗaukar mutum 35,000, akwai wani ɗan siririn wuri tsakanin allunan talla da layin ƙarshen fili wanda tikiti ba ya kai mutum gare shi, ko nawa ya biya. Wurin masu ɗaukar hoto ne. Sai mai kati rataye a wuya, da falmaran mai launi a kan rigarsa, ake bari ya durƙusa a nan. Saurayin da ya taso daga Tamawa ko Kurfi ko Dutsin-Ma ranar Lahadi, ya bi hanyar Katsina don ya ga Katsina United, a sama zai zauna cikin jama'a, kuma da wuya ya kula da waɗannan 'yan tsirarun da ke ƙasa, domin shi ma da kyamararsa a aljihu. Tambayar da ta dace a yi ke nan a yau: tun da duk ɗan kallo ya zama mai hoto, me katin nan yake tsarewa? Ra'ayina shi ne har yanzu yana da aiki, amma aikin ya sauya, kuma masu bayar da shi da masu karɓarsa ba su gama lura da sauyin ba. A da katin izinin kusanta ne, domin hoto abu ne mai wuyar samu. Yanzu hoto ya yi arha har ya wulaƙanta, abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai tsaya kusa ya ga abin da ya faru, ya rubuta sunaye da rana, ya adana, kuma ba ya cin albashin wanda yake ɗauka.

Sai an tuna yadda abin yake kafin a gane girman sauyin. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, New Nigerian a Kaduna a 1966, Triumph a Kano a 1980, kuma duk tsawon wannan zamani mai hoton jarida da fim yake aiki. Nadi ɗaya hoto 36 yake ɗauka. Da hannu ake saita gilashin kyamara har hoto ya fito tangaran, ga ɗan wasa yana gudu, ga ƙwallo ba ta jiran kowa. In an tashi wasa sai a nufi ɗakin duhu a wanke, a zaɓi ɗaya ko biyu, a kai wa edita, shi kuma ya matse shi a shafin baya in tallace-tallace sun bar masa wuri. Kafin jaridar ta shigo mota ta iso Dutsin-Ma labarin ya riga ya kwana, wani lokaci ya yi kwanaki. Saboda haka mutanen wannan yanki da kunne suka san ƙwallon manya, ta bakin masu sharhi a rediyo, suna jin sunan ɗan wasa shekara da shekaru ba su san kamanninsa ba. Hoton ƙwallon da ƙauye ya sani iri ɗaya ne: a kira mai hoto daga gari kafin a take wasan ƙarshe na gasar unguwanni ko ta makarantu, layi ɗaya a tsaye, layi ɗaya a tsugune, mai tsaron gida a tsakiya rungume da ƙwallo. Ba ya ɗaukar wasan kansa, domin ba zai ɓarnatar da fim a kan abin da ba shi da tabbacin zai fito ba, kuma babu wanda zai sayi hoton da fuskarsa ba ta fito sosai ba.

Wannan ƙarancin ya ci mana tarihi, kuma asarar ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar Kano ta ɗauki kofin ƙalubale a 1953, lokacin da kofin bai saba barin Legas ba. Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa a 1978. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988. A tambayi duk wani matashi mai son ƙwallo a Kurfi ya kwatanta fuskar mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka yi waɗannan abubuwa, za a ga ya yi shiru. Amma a ce masa Rashidi Yekini, nan take zai tuna mutum a cikin raga, ya cusa hannuwa ta ramukanta yana ihu, ko da ba a haife shi ba ranar 21 ga Yunin 1994 da Najeriya ta ci Bulgeriya 3 da nema a Dalas. Bambancin ba na girman bajinta kaɗai ba ne. A Dalas akwai masu hoto birjik a bayan raga, kowanne da kamfanin da zai karɓi fim ɗinsa, ya rubuta bayani a kansa, ya ajiye shi inda za a same shi bayan shekara 30. Abin dariya ma, sarkin da aka sa wa filin Katsina sunansa, Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya fi 'yan ƙwallon da suka zo bayansa da shekaru masu yawa sa'ar hoto. Shi da magajinsa Usman Nagogo, gwanin folo, ana iya ganin hotunansu har yau, domin fada da ma'aikatun Turawa sun ɗauki hoton sarki abin ajiyewa ne. Hoton ɗan ƙwallo kuwa da shi ake ƙunshe ƙosai washegari.

Tsarin kati a cikakkiyar siffarsa da manyan gasanni ya shigo Arewa. A 1999 Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, aka buga a Kano da Kaduna da Bauchi. A 2000 filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin kofin Afirka da Najeriya ta shirya tare da Ghana. A 2009 aka sake dawowa da gasar 'yan ƙasa da shekara 17. A waɗannan lokuta ne masu hotonmu suka ga yadda FIFA da CAF ke tafiyar da bakin fili: a nema tun da wuri ta hannun wata kafa da aka sani, a tantance, a ba mutum kati da falmaran mai lamba, a nuna masa inda zai zauna. Ba a haska fitilar kyamara a idon ɗan wasa, ba a tsallake allo, ba a yawo ana cikin wasa, wanda yake son sauya ɓangare ya jira hutun rabin lokaci. Gasar ƙwararru ta Najeriya ta fara tun 1990, amma wannan oda ta daɗe ba ta sauko mata ba, kuma ko bayan da kamfanin LMC ya karɓi ragamar gasar a wajejen 2013 ya tsaurara dokoki a takarda, bakin fili a yawancin filayenmu ya ci gaba da zama wurin da ɗan gidan wane da abokin direban ƙungiya ke samun shiga. Duk da haka an samu ci gaba, kuma Katsina United, da ta hau babbar gasa a ƙarshen 2016, ta tarar da tsarin ya fara zama.

Masu cewa ɗaukar hoton ƙwallo danna maɓalli ne kawai ba su taɓa auna abin da ke cikinsa ba. Wasanninmu da ƙarfe 4 na yamma ake take su, wato rabin farko rana ce mai ƙuna wadda ke jefa inuwa a kan fuskar baƙin mutum har idanunsa su ɓace, rabin na biyu kuma haske na raguwa minti bayan minti, a lokacin hunturu ga ƙura ta mayar da komai fari-fari. Don a tsayar da ƙafar da ke dukan ƙwallo ba tare da ta yi dishi-dishi ba, dole kyamara ta buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, kuma gwargwadon saurin, gwargwadon hasken da take buƙata. Shi ya sa ake ganinsu da dogon gilashin nan na milimita 400, mai nauyin da sai an ɗora shi a kan sanda. Suna zama ƙasa-ƙasa ne don ɗan wasa ya fito da girma, tsallensa ya yi tsawo, bayansa kuma ya zama jama'a maimakon ciyawa. Amma kayan aiki rabin magana ne. Wanda ya jira ya ga ƙwallo ta shiga sannan ya danna ya makara. Sai ya san wasan, ya san cewa wannan ɗan gefen da hagu yake yankowa, wancan mai tsaron gidan yana son fitowa, kyaftin ɗin nan in ya ci kusurwar dama yake rugawa, ya kafa kyamararsa a can tun kafin abin ya auku. Kuma tun farkon wasa ya riga ya yi caca, domin bayan raga ɗaya zai zauna, in aka ci a ɗaya ɓangaren sai ya tashi da bayan 'yan wasa. Ga kuma jiki a cikin hatsari. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2018 a Mosko, da Mandzukic ya ci Ingila, 'yan wasan Kuroshiya sun danne mai hoton kamfanin AFP, Yuri Cortez, a ƙasa cikin murna, shi kuma bai daina dannawa ba, hotunan suka zagaye duniya. Wannan dannewar daɗi ce. A filayenmu abin da ke saukowa daga sama sau da yawa dutse ne ko gorar ruwa, kuma mai hoto ne ya fi kowa kusa da inda suke faɗawa.

Sai fim ya mutu. Kyamarar dijital ta ƙwararru ta fara yaɗuwa daga 1999, wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kamfanin Kodak da ya yi ƙarni yana sayar wa duniya fim ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Cikin 'yan shekaru waya mai kyamara ta kai hannun ɗan acaɓa da mai shayi. Jaridun takarda suka rame, teburin wasanni ya zama na farko da ake ragewa, mai hoton da ke cin albashin jarida don ya bi ƙwallon gida ya zama abin nema. Gurbin da ya bari bai zauna fanko ba, ƙungiyoyi suka cike shi da nasu mutane. Kowace ƙungiya yanzu tana da jami'in yaɗa labarai da matasan da ke ɗaukar mata hoto don shafinta na Facebook, kuma da yake Katsina United da Kano Pillars da mafi yawan manyan ƙungiyoyin Arewa mallakar gwamnatocin jihohi ne, mai katin ya zama, ta wata fuska, ma'aikacin gwamnati. A nan sauyin gaske yake, ba a cikin na'ura ba. Hausawa sun san bambancin maroƙi da mai shaida. Dukansu suna wurin, dukansu sun ga abin da ya faru, amma ɗaya an kira shi ne don ya faɗi abin da zai faranta ran mai gida, kuma babu laifi a sana'arsa muddin ba a kai maganarsa gaban alƙali ba. Bakin filinmu ya cika da na farkon, na biyun yana ƙarewa.

Za a ce ai shaida ba ta ƙare ba, ta ma ninka, tun da wayoyi dubu sun fi kyamara ɗaya gani. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma akwai misalin da ke goya mata baya. A watan Afrilun 2022 Katsina United ta je Kano, wasa bai ƙare ba saboda rikici, aka farfasa motar baƙi. Kafin dare hotunan motar sun zagaye WhatsApp da Facebook, babu wanda ya jira jarida. Hukumar gasa ta ci Kano Pillars tarar naira miliyan 9, ta cire mata maki 3, ta mayar da wasanninta na gida Abuja, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyoyin biyu duk suka faɗa gasar 'yan dagaji, sai a 2023 suka dawo tare. Ba na musun cewa waya ta yi aiki a ranar. Amma a duba irin aikin. Waya tana nuna abin da ya riga ya faru, gilashi a ƙasa da jini a riga, domin sai hankali ya tashi ake zaro ta. Ba ta nuna minti 10 da suka gabata, inda jami'an tsaro suke tsaye, ƙofar da aka bari a buɗe, wanda ya fara tsallako shinge. Mai riƙe da ita kuma magoyin baya ne, abin da ya ɓata masa rai yake ɗauka, wanda zai kunyata ɓangarensa ya sauke hannu. Bayan haka hoton yana yawo babu suna, babu rana, babu wuri, har ya zama duk lokacin da aka yi sabon rikici sai tsofaffin hotuna su taso a ce na yau ne. Duk mai bin shafukan ƙwallon Arewa ya san wannan. Abin da kati ke ƙarawa shi ne mutum mai suna, wanda aka san inda ya zauna daga minti na 1 zuwa na 90, wanda kyamararsa ta rubuta sa'a da daƙiƙa a jikin kowane hoto, kuma za a iya kiransa a tambaye shi.

Akwai kuma zancen ajiya, wanda ya fi damuna domin ba a ganin ɓarnarsa sai bayan shekaru. Mutane suna ɗauka duk abin da ya hau intanet ya zauna ke nan har abada. Mutanen Kurfi da Dutsin-Ma sun fi kowa sanin cewa ba haka ba ne, domin a watan Satumbar 2021 ƙananan hukumominsu suna cikin 13 da aka katse wa layin sadarwa a jihar Katsina saboda matsalar tsaro, aka yi watanni waya ba ta aika komai. Ko ba wannan, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita a sayi taki. Shafi yana rufewa in mai kula da shi ya sauya aiki ya tafi da lambar sirri, abin da kan faru duk lokacin da sabuwar gwamnati ta naɗa wa ƙungiya sababbin shugabanni. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi har ba ya bugawa a takarda da kyau. Wanda ya tsira daga duk wannan kuma ba a rubuta sunayen mutanen da ke cikinsa ba. Tsohon hoton nan na layi biyu, duk da talaucinsa, sau da yawa akwai wanda ya juya bayansa ya rubuta sunaye da shekara da biro, kuma yana nan cikin akwatin wani dattijo. Ina tsoron kada jikokinmu su fi samun hoton ƙungiyar firamare ta 1985 a kan hoton Katsina United ta 2018, alhali a 2018 an ɗauki dubbai.

Masu kare tsarin yanzu suna da wata hujja da nake girmamawa. Suna cewa matasan da ƙungiyoyi ke ɗauka sun fi tsofaffin jaridu yi wa ƙwallon gida hidima, kuma gaskiya ne. Da Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars a 2021, bayan ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Aislan biyu a 2018, hotunansa cikin rigar Sai Masu Gida sun kai ko'ina cikin sa'o'i, kuma irin wannan aiki ne ya sa yaron da ya haddace fuskokin 'yan Arsenal da Barcelona a gidan kallo ya fara sanin fuskar Rabi'u Ali na Kano Pillars. Babu mai hankalin da zai ce a kore su. Matsalar ita ce su kaɗai. A Ingila, ko da duk masu hoto sun zama na ƙungiya, kowane wasa yana da kyamarorin talabijin ta kowace kusurwa, babu abin da zai ɓuya. A gasarmu wasanni da yawa ba a haska su yadda ya kamata, kuma tsohon ƙorafi ne cewa cin wasa a waje ya fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyi, cewa alƙalan wasa suna busa usur da ido ɗaya a kan ƙofar fita. Ko ƙorafin gaskiya ne ko ƙari, ba za a raba gardama ba sai da hujja, kuma mai hoton da mai masaukin baƙi ke biya ba zai fitar da hoton da ke nuna an yi wa baƙo keta a cikin da'ira ba. Ba rashin gaskiya ba ne, ba aikinsa ba ne. Mafi muni, in ƙungiyar gida ce ke raba kati a ƙofa, to wanda ya fitar da irin wannan hoto yau ya san mako mai zuwa a sama zai zauna.

Wa zai biya mai hoton da ba na kowa ba? Nan ne hujjata ta fi rauni, kuma ba zan ɓoye ba. Sabon gilashi na milimita 400 irin na ƙwararru ya haura dala 10,000. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500, wato gilashi ɗaya ya fi kuɗin gina gida a ƙauye. Masu yin aikin a Arewa da tsofaffin kaya na hannu suke fama, kuma ba ƙwallo ke ciyar da su ba, biki da suna da taron siyasa ne. Abin da suke samu a fili yawanci daga 'yan wasa ne, ɗan wasa ya sayi hotonsa don ya sa a shafinsa ko ya tura wa dillalin da ke nema masa ƙungiya a waje. Wannan ma wani ɗaurin ne, domin wanda zai saya ba ya son a gan shi yana faɗuwa. Sauran jama'a kuwa ɗauka suke yi kyauta, a yanke sunan mai hoto daga gefe a sa na wani shafi. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta shafi abin da ake sawa a intanet, amma wane mai hoto ne a Katsina zai ɗauki lauya a kan hoton da bai fi kuɗin man babur ba? Duk da haka rashin kuɗi bai rushe maganar ba, ya dai nuna inda nauyin ya kamata ya koma. Hukumar gasa tana biyan alƙalan wasa da kwamishinan wasa don kada su dogara da mai gida. Mai hoto ɗaya a kowane fili, wanda hukumar ke biya kuma ita kaɗai ke iya karɓe katinsa, ba zai kai kuɗin tarar rikici guda ba.

Wani zai ce, kuma na san za a ce, mutanen da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, waɗanda gonakinsu na nesa suka gagara nomawa, ina ruwansu da wanda ya durƙusa a bayan raga a Katsina? Amsata ita ce ruwansu ya fi na kowa. A nemi sunan Kurfi ko Dutsin-Ma a intanet a ga hotunan da ke fitowa: gawa, kango, mata da ƙunshin kaya a ka. Duk gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. A garuruwan nan har yanzu in la'asar ta yi samari na fita fili, ana shirya gasar unguwanni, ana tara kuɗin riga, ana cika bakin filin makaranta ranar wasan ƙarshe har da masu rake da masu fura. Wannan ma labarin yankin ne, kuma babu mai ɗaukarsa da hannun gwani. Akwai kuma amfani na zahiri. Yaron da ke da ƙafa a Tamawa ba zai samu mai duba shi ya zo har gida ba, musamman yanzu da baƙo ke tsoron hanya. Hoto da bidiyo mai kyau, mai rana da sunan gasa, su ne takardar shaidarsa, kuma wanda aka ɗauka da waya daga nesa, inda ba a bambance shi da abokin karawarsa, ba ya kai shi ko'ina. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, cike da matasa masu ido da sha'awa. Filin ƙasa na gari shi ne makarantar da ta fi dacewa da su, domin babu kati, babu allo, mutum zai iya kusantar wasa yadda yake so, ya yi kuskure dubu ba wanda ya biya.

Daga nan ne ya kamata hanya ta miƙe zuwa Karkanda, kuma a nan nake ganin masu sukar kati suna da gaskiyar da ba a cika ba su ba. In kati na wanda ya san wani ne, to shinge ne kawai da ke tsare 'yan birni daga 'yan ƙauye. Sharaɗin da aka gada daga zamanin jarida, cewa sai wata kafa ta tsaya wa mutum, ya tsufa, tun da kafafen da ke ɗaukar mai hoto aiki sun ƙare. Reshen ƙungiyar marubuta wasanni ta SWAN a jiha da hukumar ƙwallon jiha za su iya sauya ma'aunin ya koma kan aiki: mutum ya kawo hotunan wasa 10 da ya ɗauka, ko a filin firamaren Kurfi ne, kowanne da sunayen waɗanda ke ciki da rana da sakamakon wasa. Wanda ya iya wannan ya nuna haƙuri da amanar da aikin ke buƙata, sauran koyo ne. A kuma ɗora wa katin nauyin da bai taɓa ɗauka ba, wato duk wanda ya shiga da shi ya miƙa wasu hotuna, cikakku ba matsattsu ba, da bayaninsu, ga wata ma'ajiya da ba ta sauyawa da sauyin gwamnati, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Katsina ko Gidan Arewa da ke Kaduna, haƙƙin mallaka kuma ya zauna a hannun wanda ya ɗauka, duk mai son bugawa ya nemi izininsa ya biya. Kakar wasa ɗaya ta ƙungiyoyi 20 tana ba kowace ƙungiya wasa 19 a gida. In an ajiye hoto 20 kacal daga kowanne, Katsina za ta riƙa tara 380 a shekara, masu suna da rana, a kan abin ajiyar da kuɗinsa bai kai na ƙwallo biyu ba.